Kuɗin Taimakon Manoma A Gundumar Sunflower: Wanda Ya Sha Rana Da Wanda Ya Karɓa

Bayan godiya ga Allah Mai saukar da ruwa, Mai fitar da tsiro, da salati ga Fiyayyen halitta, to wannan labari ne na wata gunduma ta ƙauye a ƙasar Amurka, da kuɗin da Gwamnatin ƙasar ke fitarwa daga baitulmali da sunan taimakon manoma, da kuma hannuwan da kuɗin nan suka riƙa faɗawa. Sunan gundumar Sunflower, tana cikin jihar Mississippi a kudancin ƙasar, babban garinta kuwa Indianola. Tana tsakiyar wata ƙatuwar fadama da ke shimfiɗe tsakanin kogin Mississippi da kogin Yazoo, ƙasa baƙa mai laka wadda ambaliya ta yi shekaru aru-aru tana zuba wa taki, har da wuya a sami inda auduga ke yi kamar nan a duk Amurka. Amma duk da wannan albarka, da kuma miliyoyin daloli da Gwamnati ta zuba a gonakinta, an daɗe ana lissafa mutanen wannan fadama cikin mafi talaucin mutanen ƙasar. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Mafarin al'amari

A shekarar 1929 kasuwa ta faɗi a Amurka, faɗuwar da ta ja duniya duka. Laba ɗaya ta auduga da ake saye wajen senti 17 a 1929, sai ga ta ƙasa da senti 6 a 1931, dala ɗaya kuwa senti 100 ce. Manomi ya noma, ya ɗiba, ya kai kasuwa, abin da ya samu bai biya kuɗin iri da abincin alfadarinsa ba. Bankuna suka shiga ƙwace gonakin da aka jinginar musu. Da Franklin Roosevelt ya zama Shugaban Ƙasa a watan Maris na 1933, mashawartansa suka ce ciwon shi ne amfanin gona ya fi ƙarfin masu saye, magani kuwa a rage noma har kaya su yi daraja. Ran 12 ga Mayu 1933 ya sa hannu a dokar daidaita aikin gona, wadda ta ce duk manomin da ya yarda ya bar wani sashi na gonarsa ba shuka, Gwamnati za ta biya shi.

To, sa'ad da dokar ta fito an riga an yi shuka, auduga ta tashi. Sai aka ce a bi ta da garma a binne. A wannan shekara aka turmushe auduga wajen eka miliyan 10, watau kimanin rubu'in abin da aka shuka. Mutanen Kudu sun daɗe suna ba da labarin alfadarai, waɗanda aka hora tun suna ƙanana kada su taka kunyar auduga, ranar nan suka ƙi hawa kanta sai da duka.

A faɗi gaskiya, dabarar ta yi aiki ta wani gefe. Auduga ta yi kuɗi, abin da manoman ƙasar suka samu a 1935 ya ɗara na 1932 da wajen rabi, gonaki da yawa suka tsira daga hannun masu bin bashi. Kotun Ƙoli ta soke dokar a watan Janairu na 1936 saboda harajin da aka ɗora wa masu masaƙu da masu niƙa domin biyan kuɗin, amma Majalisa ta yi wata a madadinta cikin shekarar, ta kuma sake cikakkiya a 1938. Tun daga nan taimakon bai yanke ba, sai dai a sake masa suna da riga. Abu ɗaya ne bai sake ba, shi ne mudun awo: ana biya gwargwadon faɗin gona da yawan abin da ta saba bayarwa. Mai eka dubu ya karɓi na eka dubu, mai eka goma na goma, wanda ba shi da ko taki ɗaya kuwa, ko da shi ke riƙe da fartanya, ba a san da shi ba sai ta bakin mai gona.

Noma mu raba

Wajibi ne a san yadda zaman gona yake a wannan fadama. An hana bauta a Amurka a 1865, amma bayin da aka 'yanta ba a ba su ƙasa ba, gandaye suka zauna a hannun iyayengijinsu na dā da magadansu. Sai aka koma ga noma mu raba. Mai gandu ya ba iyali 'yar bukka da yankin gona da alfadari da iri, ya riƙa ba su gari da mai da tufafi bashi daga kantinsa, in an ɗibi auduga a raba biyu, a cire bashin daga rabon mai noma. Asalin wannan ciniki ba baƙo ba ne ga malaman fiƙihu, domin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya bar wa mutanen Haibara ƙasarta su yi aiki a kan rabin abin da ta fitar. Amma sharaɗin irin wannan ƙulli shi ne rabo ya zama sananne, lissafi kuma a sarari. A gandayen Mississippi kuwa littafi yana hannun mutum ɗaya, shi ke awo, shi ke sayarwa, shi ke yanka kuɗin kayan kanti, mai noma sau da yawa bai iya karatu ba, in ma ya iya, musun Bature kan iya jawo masa kora ko abin da ya fi kora. Iyali su yi shekara suna aiki, ranar lissafi a ce musu har yanzu ana bin su.

Cikin wannan hali kuɗin Gwamnati ya iso. Mai gandu ne ke sa hannu a takardar alkawari, shi ake aiko wa kuɗin, aka ce ya ba masu noma rabonsu, kada kuma ya rage su gwargwadon iko. An ba kura ajiyar nama ke nan. Waɗansu sun cika amana, amma da yawa suka riƙe kuɗin suka ce sun cire a bashi. Sa'an nan suka duba suka ga gonar da aka rage ba ta bukatar hannuwa kamar dā, suka kuma ga cewa ɗan ƙodago da ake biya kullum ba shi da rabo a kuɗin Gwamnati, mai noma mu raba ne ke da shi. Sai suka sallami iyalai, suka sayi tarakta da kuɗin taimakon, in lokacin noma ko ɗiba ya zo su ɗauko mutanen nan a mota su yi musu ƙodago.

A watan Yuli na 1934 waɗansu masu noma mu raba, baƙaƙe da farare tare, suka kafa ƙungiya a garin Tyronza cikin jihar Arkansas, tsallaken kogi, domin neman haƙƙinsu. A Washington kuma waɗansu lauyoyin ma'aikatar gona suka fassara dokar da cewa ba a yarda a kori masu noman ba. A watan Fabrairu na 1935 lauyoyin ne aka kora.

Masu riƙe da littafi

Gwamnatin Tarayya ba ta san kowace gona ba, saboda haka ta danƙa aikin ga kwamitin manoma a kowace gunduma. Su ke raba kason eka, watau yawan filin da aka yarda kowa ya shuka auduga, su ke rubuta abin da gonar mutum ta saba bayarwa, su ke jin ƙara. Wanda aka ba kaso mai faɗi ya yi arziki, wanda aka tsuke masa ya sayar da gona. A takarda manoma ne ke zaɓen kwamitin, har da masu noma mu raba. Amma wanda bukkarsa da abincin 'ya'yansa ke hannun mai gandu, ina shi ina tsayawa takara da shi?

A 1960 wajen kashi biyu cikin uku na mutanen Sunflower baƙaƙen fata ne. A 1964 masu fafutukar 'yanci suka tsai da baƙaƙen manoma a zaɓen kwamitoci a gundumomin Mississippi, kaɗan ne suka ci, su ma a ƙananan kujeru na unguwa. A 1965 hukumar kare haƙƙin 'yan ƙasa ta Gwamnatin Amurka ita kanta ta bincika, ta ba da rahoto cewa a kwamitocin gunduma na jihohin Kudu babu baƙar fata ko ɗaya. Wanda ba ya wurin rabo, sai abin da aka ce masa ya rage.

Maƙwabta biyu

A arewacin gundumar akwai garuruwa biyu, Doddsville da Ruleville, tsakaninsu mil biyar ko shida. A Doddsville akwai gandun James Eastland, fiye da eka 5,000. Shi ɗan Majalisar Dattawan Amurka ne, ya zauna a cikinta daga 1943 har 1978 ba yankewa, ya shugabanci kwamitinta na shari'a tun daga 1956, yana kuma cikin kwamitin aikin gona inda ake ɗinka dokokin taimakon nan. Ya yi tsayin daka wajen ƙin dokokin da suka daidaita baƙi da fari a 1964 da 1965.

A wani gandu kusa da Ruleville kuwa akwai wata mace, Fannie Lou Hamer. An haife ta a 1917, ita ce auta cikin 'ya'ya 20, ta fara ɗibar auduga tana shekara shida. Da yake ta iya karatu da lissafi, mai gandun ya sa ta rubuta awo da kwanakin aiki, ta yi shekara 18 a wurin ita da mijinta. Ran 31 ga Agusta 1962 ta shiga mota tare da mutum 17 suka tafi Indianola domin a rubuta sunansu cikin masu jefa ƙuri'a. A lokacin baƙaƙen gundumar da suka isa zaɓe sun fi 13,000, waɗanda aka rubuta ba su kai 200 ba. Aka yi mata jarrabawa a kan tsarin mulkin jihar aka ce ta faɗi. Da ta komo, mai gandu ya ce ta janye sunanta ko ta bar masa ƙasa. A daren nan ta fita. Bayan kwana goma aka buɗe wuta a kan gidan da ta fake a Ruleville, Allah Ya sa ba ta ciki.

A hunturun wannan shekara hukumar gundumar Leflore, maƙwabciyar Sunflower, ta tsai da rabon abincin Gwamnati ga mutum fiye da 20,000, galibinsu baƙaƙe, domin ta horar da masu neman ƙuri'a. Abincin nan kuwa rarar amfanin gona ne da Gwamnati ke saye domin kada kaya su faɗi, watau daga tukunya ɗaya ya fito da kuɗin masu gandu. Nasu dai ba wanda ya tsai da shi.

Sa'an nan abubuwa uku suka haɗu a kan talakan fadama. Injin ɗibar auduga, wanda aka gwada a wani gandu kusa da Clarksdale a 1944, ya riga ya cika gonaki, maganin ciyawa kuma ya ɗauke aikin fartanya. Dokar 1965 ta yarda a biya manomi in ya bar har kashi 35 cikin 100 na kasonsa na auduga ba shuka. Daga 1 ga Fabrairu 1967 kuma aka wajabta biyan ɗan ƙodagon manyan gonaki dala ɗaya a awa, sai masu gandu suka ga inji ya fi araha, suka sallami dubban mutane. Gundumomi da yawa kuma suka bar rabon abinci kyauta suka koma ga takardun sayen abinci, waɗanda a lokacin sai mutum ya biya wani abu tukuna a ba shi, alhali akwai gidajen da ko senti ba ya shiga.

A watan Afrilu na 1967 'yan Majalisar Dattawa biyu, Robert Kennedy da Joseph Clark, suka zaga fadamar, suka shiga bukkoki, suka ga yara da kumburin ciki na yunwa. Bayansu waɗansu likitoci shida suka zo suka duba, suka tabbatar. Wakilan jihar a Majalisa suka ƙaryata. A wannan shekara ta 1967 gandun Eastland ya karɓi fiye da dala 150,000 daga baitulmali, wani sashi nasa ladan barin ƙasa ba shuka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ita Fannie Lou Hamer ta gane cewa ƙuri'a ba ta tsayuwa a hannun mai jin yunwa, muddin wani ke da ikon korarsa daga gona. A 1969 ta kafa gonar gama kai da gudummawar mutanen kirki daga nesa, ta sayi eka 40, daga baya ta ƙara 640. Aka shuka kayan lambu domin ci, da auduga da waken suya domin biyan bashin ƙasar, aka kuma riƙa ba iyalai aron dabba mai ciki, in ta haihu su riƙe nasu su mayar da rabon da za a ba wani gida. Ɗaruruwan gidaje suka ci daga gare ta. Amma ambaliya da fari suka bi ta, gudummawa ta janye, ita kuma ciwo ya kwantar da ita. Gonar ta rufe a 1976, ta rasu ran 14 ga Maris 1977.

Iyaka da hanyar zagaye ta

A ƙarshen shekarun 1960 waɗansu 'yan Majalisa, cikinsu har da Paul Findley na jihar Illinois, suka riƙa tona sunayen manyan masu karɓa, har aka ji wani kamfanin auduga a Kalifoniya ya karɓi fiye da dala miliyan 4 a shekara guda. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jama'a suka yi ca, sai dokar 1970 ta sa iyaka: kada mutum ɗaya ya wuce dala 55,000 a kan kowane irin amfani. A 1973 aka sauko da ita zuwa 20,000, daga baya ta sake hawa, har dokar 2014 ta tsai da ita a 125,000.

Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa ita ce kalmar "mutum ɗaya". Gandu yana nan yadda yake, tarakta ɗaya, manaja ɗaya, amma a takarda sai a yanka shi tsakanin mata da 'ya'ya da surukai da kamfanonin da aka ƙaga domin haka, kowane suna ya karɓi cikakkiyar iyaka. A shekarun 1980 wannan dabara ta yi suna har ana kiranta bishiyar Kirsimeti ta Mississippi, saboda zanenta a takarda reshe ne a kan reshe, kowane da kyauta a rataye. A 1987 Majalisa ta ce sai wanda ke da hannu a aikin gona da gaske zai karɓa, amma aka lissafa ba da shawara a cikin aiki, wanda mutum na iya yi ta waya daga birni. A 2018 ma aka faɗaɗa ma'anar dangi har ta haɗa da 'ya'yan 'yan'uwa da taubasai. Masu fiƙihu sun san irin wannan, shi ne mai raba garkensa a bakin shekara domin kada ya kai nisabin zakka, an kuwa hana.

Abin da littafi ya nuna

A 2001 wata ƙungiya a Washington mai suna Environmental Working Group ta karɓo lissafin ma'aikatar gona bisa dokar da ta ba ɗan ƙasa ikon ganin takardun Gwamnati, ta sa shi a intanet, har kowa na iya buɗe sunan gunduma ya ga wanda ya karɓa da abin da ya karɓa. Lissafin ya nuna kashi 10 cikin 100 na masu karɓa sun kwashi wajen kashi uku cikin huɗu na kuɗin taimakon amfanin gona. Ƙidayar gonaki ta 2017 kuma ta nuna cikin gonaki wajen miliyan 2, waɗanda suka sami wani abu daga Gwamnati ba su kai sulusi ba. A 2007 ofishin binciken kuɗi na Majalisa ya gano cewa tsakanin 1999 da 2005 an biya dala miliyan 1,100 da sunan mutum fiye da 170,000 da suka riga suka mutu. Waɗansu daga ciki haƙƙin magada ne kafin a raba gado, amma da yawa ba wanda ya duba.

Baƙaƙen manoman Amurka sun kai wajen 925,000 a 1920, a 2017 ba su cika 50,000 ba. A 1997 wani daga cikinsu, Timothy Pigford, ya kai ƙarar ma'aikatar gona a madadin 'yan'uwansa kan hana su rance da taimako. Aka yi sulhu a 1999, aka ba galibin waɗanda suka ci dala 50,000 kowanne, a 2010 kuma aka amince da ƙarin dala miliyan 1,250 ga waɗanda suka makara. Kuɗin ya zo, amma gonakin sun riga sun tafi. Ita kuwa Sunflower, mutanenta sun fi 66,000 a 1930, a ƙidayar 2020 ba su cika 26,000 ba. Ba taimakon Gwamnati kaɗai ya kore su ba, akwai inji, akwai wulaƙanci, akwai kiran masana'antun Chicago. Amma kuɗin baitulmali ya taimaka wajen sayen injin, bai tanadi komai ba domin wanda injin ya tayar.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, kuma adalci ne a ji ta. Sun ce manyan gonaki ne ke fitar da mafi yawan abinci da auduga, su ke ɗauke da bashin inji da taki mai nauyi, in shekara ɗaya ta karya su ƙasa duka za ta ji. Wannan gaskiya ne gwargwadonsa. Amma in manufar ita ce tsare amfanin gona, to a kira shi da sunansa. Da sunan ƙaramin manomi da iyalinsa ake roƙon kuɗin a gaban Majalisa, ranar rabo kuwa sai a yi kashin dankali, babba a kan ƙarami.

Har inuwar ta kai nesa

Audugar da aka noma da taimako takan fita kasuwar duniya da araha, ta karya ta wanda ba shi da mai taimakonsa. Ƙungiyar Oxfam ta lissafa cewa a kakar 2001 zuwa 2002 manoman audugar Amurka, su wajen 25,000, sun sami dala miliyan 3,900, abin da ya fi dukan abin da ƙasar Burkina Faso ta samar a shekara. A 2003 Chadi da Mali da Binin da Burkina Faso suka haɗa kai suka kai kuka gaban ƙungiyar ciniki ta duniya, taronta na Cancun ya watse ba su sami biyan bukata ba. Birazil kuwa, da yake tana da ƙarfi, ta kai ƙara a 2002 ta yi nasara, daga 2010 Amurka ta riƙa biyanta wajen dala miliyan 147 a shekara, a 2014 aka rufe maganar da miliyan 300. Ko a nan ma mai ƙarfi ne ya karɓa.

Hurumin Sayyidina Umaru

Taimakon manomi daga baitulmali ba laifi ba ne, hasali ma yana cikin abin da ake nema ga shugaba, tun da ba wanda ke rayuwa sai da abin da ƙasa ta fitar. Magana tana wajen mudu. Imamu Maliku ya kawo a Muwaɗɗa labarin Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, sa'ad da ya naɗa wani baransa mai suna Hunayyu ya tsare hurumin kiwo da aka keɓe domin dabbobin baitulmali. Ya gargaɗe shi da tausasa wa mutane da tsoron kukan wanda aka zalunta. Sa'an nan ya ce a buɗe hurumin ga masu 'yan raƙuma da 'yan tumaki kaɗan, a tsare shi daga garkunan Abdurrahmani ɗan Aufu da Usmanu ɗan Affana. Dalilinsa shi ne su biyun nan ko dabbobinsu sun ƙare suna da dabino da gonaki da za su koma, shi kuwa mai kaɗan in nasa suka mutu ƙofar Halifa zai zo da 'ya'yansa, kuma ba shi ciyawa da ruwa yau ya fi sauƙi a kan ba shi zinariya da azurfa gobe.

A lura, mutanen nan biyu suna cikin goma da aka yi wa bushara da Aljanna, dukiyarsu halal ce, Umaru bai tuhume su da komai ba. Da ya auna da yawan dabbobi, da su za su cinye hurumin, lissafi kuma ya fita daidai ba wanda ya saci komai. Shi kuwa sai ya fara da tambayar wane ne zai halaka in an hana shi. A Sunflower an auna da faɗin ƙasa, aka kuma ba masu ƙasar littafin, saboda haka mafi yawan abin da ya faru bai saɓa wa doka ba, dokar ce aka ɗinka daidai jikin masu ita. Gwamnati ta biya mai gandu ya bar ƙasa ba shuka, daga baya ta komo tana ciyar da waɗanda aka tayar daga kanta a unguwannin birane, watau ta ƙi ba da ciyawa ta zo tana ba da zinariya.

Saboda haka duk inda aka ji hukuma ta yi shelar taimakon manoma, kafin a yi murna da yawan kuɗin, sai a tambayi da wane mudu za a auna, wa ke riƙe da littafin, kuma ko za a karanta sunayen masu karɓa a bainar jama'a. Mutanen Amurka ba su san inda kuɗinsu ke zuwa ba sai da aka tona sunaye, iyakar da aka sa a 1970 kuwa, duk da rauninta, daga wannan tonon ta fito.

Allah Ya ba shugabanni tsoron amanar baitulmali, Ya ba masu riƙe da littattafai gaskiya, Ya sa wanda ya sha rana ya ci guminsa. Amin. Tamat.